Ciwon Basur a Hannun Likitocin Fiɗa: Zaɓinsu da Abin da Kan Biyo Baya



Na tabbata akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi murmushi, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da aikin fiɗa, fiɗar ma ta wurin da ba a ambatonsa gaban surukai? Tambayar tana kan hanya. Ni dai ba likita ba ne, kuma duk abin da zan faɗa game da jikin mutum daga rubuce-rubucen likitoci na samo shi, saboda haka likitocin da ke zaune a nan suna da ikon yi mini gyara. Abin da ya jawo ni cikin wannan fage kalma ce guda, watau basur, wadda yawancin mutane ke furtawa basir. Na bi sawunta ne daga bakin mai tallar magani a tasha, sai ga ni a ƙofar ɗakin fiɗa. A can na tarar da wani abu da majiyyacinmu bai sani ba, shi ne cewa aikin basur ba iri ɗaya ba ne. Likitoci kansu sun rabu gida-gida a kansa, kuma kowane gida da irin wahalar da kan biyo bayan aikinsa. Mutum yakan sa hannu a takarda yana tsammanin hanya ɗaya ce tak, alhali kuwa an yi masa zaɓi ne ba tare da ya san akwai abin zaɓa ba.

Kalmar da abin da ta haɗiye

Asalin kalmar Larabci ne, basur tilo, bawasir jam'i. A littattafan ɗibbu tana da abokiyar tafiya, watau nasur, wadda ke nufin ɓarakar nan da kan ɓulle daga cikin dubura zuwa fata tana yoyon mugunya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta ɗan littafi musamman a kan magungunan wannan ciwo, mai suna Al-Ƙaulul Manthur fi Bayani Adwiyati Illatil Basur. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ciwon ya daɗe a ƙasar nan, kuma manya ba su ɗauke shi abin kunyar rubutawa ba.

To, amma da kalmar ta fita daga zauren malamai ta shiga kasuwa, sai ta bar abokiyar tafiyarta a baya, ta haɗiye ma'anarta, ta kuma ƙara da wasu. Yau in Bahaushe ya ce yana da basur, yana iya nufin tsiro, ko zubar jini, ko taurin bayan gida, ko kumburin ciki, ko ciwon baya, ko kasala, ko ma raunin mazakuta. Ga kuma ɗankanoma, wanda wasu ke musanya shi da basur, wasu su ce dabam yake. Mai lasifika a tasha kuwa kullum ƙara wa kalmar faɗi yake yi, domin iyakar faɗinta iyakar cinikinsa.

A wurin likita abin ya fi haka ƙunci ƙwarai. A cikin bakin dubura akwai wasu 'yan matasai na jijiyoyin jini da tsoka, galibi guda uku, waɗanda kowane ɗan Adam ke da su tun haihuwa. In aka kwantar da mutum rigingine aka ɗauki wurin kamar fuskar agogo, sai a same su a ƙarfe uku da bakwai da goma sha ɗaya. A 1975 wani likita a Ingila mai suna Thomson ya bayyana cewa waɗannan matasai ba cuta ba ne, aikinsu shi ne taimakawa wajen toshe ƙofa don kada iska ko ruwa su kuɓuce. Sa'ad da abin da ke riƙe da su ya saki, suka kumbura suka zazzago, sa'an nan ne ake kiransu basur. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu: wanda ke jini bai fito ba, da wanda ke fitowa ya koma da kansa, da wanda sai an mai da shi da yatsa, da wanda ya fito ya ƙi komawa. Yawancin masu mataki na ɗaya da na biyu ba su bukatar wuƙa. Gyaran ci ya ishe su, watau yawaita ganye da wake da hatsin da ba a raba shi da dusarsa sarai ba, da shan ruwa, da barin yunƙuri da daɗewa a kewaye. Wannan na ƙarshe ina faɗinsa ne musamman ga ɗalibai, masu shiga da waya a hannu.

Akwai abubuwa biyu da nake so ku riƙe, domin duk sauran maganata a kansu take rataye. Na farko, akwai wani layi ɗan ciki kaɗan daga bakin dubura. Abin da ke samansa ba ya jin zafin yanka, abin da ke ƙasansa kuwa fata ce mai ji ƙwarai da gaske. Na biyu, akwai zoben tsoka riɓi biyu da ke kewaye da wurin, wanda shi ne ke riƙe mutuncin mutum cikin jama'a. Kowace hanyar fiɗa da zan ambata, dabara ce ta kawar da basur ba tare da an ɓata wa wannan layi da wannan zobe rai ba.

Gidajen fiɗa

Mutanen da da lalas da ɗauri suka yi aiki. A littattafan da ake dangantawa da Buƙuraɗu na Yunan akwai bayanin yadda ake ƙona basur da jan ƙarfe, har da gargaɗin cewa a bar guda ɗaya kada a kawar da su duka, wai don gurɓataccen jini ya sami mafita. Wanda ya san dalilin da ya sa wanzami ke yin ƙaho ba zai ga baƙon abu a wannan tunani ba. Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin lalas da ɗauri da yanka a littafinsa Attasrif. Musa bin Maimun kuwa, wanda ya rubuta maƙala a kan bawasir a Masar, ya fi karkata ga gyaran abinci, bai yi ɗokin wuƙa ba. Ashe ke nan saɓanin ya girmi asibitin zamani.

A 1882 Walter Whitehead na Mancesta ya zo da shawarar da a ido ta fi kowace ma'ana. Ya ce tun da yake basur a zoben fatar ciki yake tsirowa, a yanke zoben gaba ɗaya, a jawo na sama a ɗinke da fatar waje, kowa ya huta. A 1887 ya ba da labarin mutum 300 da ya yi wa haka. Amma da aikin ya bazu a hannun wasu, sai aka riƙa ganin mutanen da ƙofarsu ta tsuke, da waɗanda fatar ciki ta juyo musu waje tana jiƙa wando dare da rana. Har yau likitoci da sunansa suke kiran wannan nakasa, ko da yake masu kare shi sun ce mabiya ne suka kuskure wurin ɗinkin.

Hanyar da ta zauna da gindinta ta fito ne daga Asibitin St Mark na Landan, wanda Frederick Salmon ya kafa a 1835 musamman don cututtukan dubura. A 1937 Milligan da Morgan da abokan aikinsu suka bayyana ta. Ana kama kowane matashi da ya lalace a feɗe shi zuwa tushensa, a ɗaure tushen, a yanke, sa'an nan a bar gyambon a buɗe ya warke da kansa. Sirrin aikin shi ne barin gadar fata mai lafiya tsakanin yanka da yanka, yadda in an gama wurin zai yi kama da ganye uku. In likita ya yi haɗama ya cinye gadojin nan, tabo ya haɗe, ƙofa ta tsuke. A 1959 kuma Ferguson na jihar Mishigan a Amurka ya ce me zai sa a bar gyambo a buɗe? Shi ma yanka yake yi, amma sai ya ɗinke da zaren da ke narkewa.

A nan ne abin da ya ba ni mamaki yake. Shekara fiye da 60 ke nan likitocin Ingila da galibin na Turai suna barin gyambo a buɗe, na Amurka suna ɗinkewa, alhali jikin mutum ɗaya ne a ko'ina. Da aka yi ta gwada hanyoyin biyu, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba: ɗinkakken yakan ɗan riga warkewa, amma sau da yawa ɗinkin kan ɓalle ya koma kamar buɗaɗɗen. Saboda haka in ka tambayi likita dalilin da ya sa yake bin wannan ba waccan ba, amsar gaskiya sau da yawa ita ce haka ya ga malaminsa yana yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mu da muka yi nazarin sana'o'in gargajiya mun san wannan sarai, domin da ganin tsagar wanzami ana iya sanin gidan da ya koyo aska. Likitocinmu na Nijeriya silsilarsu daga Ingila ta taso, tun daga kwalejin Ibadan ta 1948, don haka ba mamaki da hanyar Milligan da Morgan ta fi yawa a asibitocinmu. Tana kuma da wata falala a ƙasa irin tamu, watau ba ta bukatar komai ban da wuƙa da almakashi da zare.

Kafin in bar wannan sashe, ga wata hanya da ya kamata a riƙa ba ɗaliban likitanci labarinta kowace shekara. A 1968 Peter Lord a Ingila ya ce asalin matsalar tsananin matsin zobe ne, saboda haka a sa majiyyaci barci a buɗa ƙofar da yatsu, har zuwa takwas. Babu yanka, babu ɗinki, mutum ya koma gida da wuri. Likitoci da majiyyata duk suka yi murna da ita. Sai a shekarar 2000 wasu likitoci a Holan suka buga sakamakon bin sawun majiyyatansu na tsawon shekara 17, suka tarar kimanin rabin waɗanda aka buɗa ba su iya riƙe iska ko bayan gida yadda ya kamata. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba a gane ba sai da waɗanda aka yi wa aikin suka fara tsufa.

Gudun zafi

Babban aibin yanka, buɗaɗɗe ko ɗinkakke, shi ne azaba, domin dole wuƙa ta ratsa fatar nan mai ji. Waɗanda aka yi wa sun ce bayan gida na farko bayan aiki ba a mance shi. Duk sababbin hanyoyi ƙoƙari ne na yin aiki a saman layin da na ambata.

Mafi sauƙinsu ita ce ɗauri da roba, wadda Barron ya kyautata a 1963. Ana zarga ɗan zoben roba a wuyan basur, jini ya daina kai masa, ya bushe ya faɗi cikin 'yan kwanaki. Ba a kwantar da mutum, ba a sa shi barci. A 1995 Morinaga a Japan ya kawo dabarar sauraron bugun jijiya da na'ura, a gano wadda ke kai wa basur jini a ɗaure ta. A 1998 kuma Antonio Longo na Italiya ya gabatar da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ke yanke zoben fatar ciki can sama ta haɗe bakin da 'yan ƙusoshi a bugu ɗaya, ta janye basur ya koma mazauninsa. Wannan na'ura ta bazu a duniya kamar wutar daji, domin lalle zafinta bai kai na yanka ba, kuma mutum yakan koma bakin aikinsa da wuri. Kada kuma mu manta kowace na'ura sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, kuma akwai kamfanin da ke sayar da ita.

Sai daga baya rahotanni suka fara fitowa na wasu illoli waɗanda, ko da yake ba su da yawa, tsohuwar hanya ba ta saba da irinsu ba: hujewar hanji, da ɓaraka tsakanin dubura da gaban mace, da ruɓar da ta kai wasu ga rasa rai. Wasu kuma suka zauna da jin kamar kullum suna da sauran bayan gida. A 2016 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya a kan mutum 777, an yi wa rabi da na'urar Longo, rabi da yanka. A makonnin farko masu na'ura sun fi jin daɗi. Bayan shekara biyu kuwa, kashi 42 cikin ɗari nasu sun ce ciwon ya dawo, a masu yanka kashi 25, kuma masu yankan ne suka fi gamsuwa da lafiyarsu, ga shi aikinsu ya fi araha. A wannan shekara dai aka buga wani gwajin a kan mutum 372, tsakanin roba da ɗaurin jijiya. Bayan shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 49 na masu roba, da kashi 30 na masu ɗaurin jijiya, amma in aka maimaita robar sai tazarar ta ragu ƙwarai, ga ta da sauƙin zafi da sauƙin kuɗi. A 'yan shekarun nan kuma asibitocin kuɗi sun shiga tallar aiki da hasken leza. Shawarata ita ce a tuna da Lord, a tambayi shekara nawa aka bi sawun waɗanda aka yi wa.

Abin da waɗannan alƙaluma ke faɗi, a ganina, ciniki ne: ko ka biya da zafi yanzu, ko ka biya da yiwuwar dawowar ciwo gaba. Manomin da damina ta ƙarato masa, da direban babbar mota, da matar da ke goyo, da dattijon da ke shan maganin tsinka jini, ba lalle su zaɓi abu ɗaya ba. Likita ya fi su sanin jiki, su kuma sun fi shi sanin rayuwar da za su koma.

Bayan an fito daga ɗakin fiɗa

Wahala ta farko da kan ba mutane mamaki ita ce ɗaukewar fitsari a daren aiki, musamman ga maza masu shekaru da waɗanda aka yi wa allurar baya, har sai an sa musu roba. Wannan takan wuce. Wadda ta fi ta haɗari ita ce zubar jini, kuma iri biyu ce. Akwai ta ranar aiki, wadda ke faruwa mutum yana gaban likita. Akwai kuma wadda kan zo bayan mako guda zuwa biyu, sa'ad da ɗaurin tushe ya saki ko robar ta faɗi. Mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari take samu, amma jinin yakan taru a ciki ba a gani, sai mutum ya ji jiri ya fitar da guda-guda. A Landan wannan magana ce ta kiran motar asibiti. A wurinmu kuwa, lokacin nan majiyyaci ya riga ya koma ƙauyensu, wataƙila tafiyar sa'a uku a kan babur, kuma ba wanda ya gaya masa da harshen da yake ji cewa ranar goma ta fi ranar biyu bukatar tsaro. Haka nan wanda aka ɗaure wa roba, in ya ji zafi yana ƙaruwa, ga zazzaɓi, ga fitsari ya ƙi fita, to, alamar ruɓa ce, kada ya kwana a gida.

Sauran biyun su ne masu zama da mutum: tsukewar ƙofa, da rashin riƙo. Na biyun nan likitoci kan rubuta shi a takarda da cewa ƙarami ne in iska ce kawai ke kuɓucewa. Ƙarami ne a takarda. Mutumin da alwalarsa ba ta kai shi ƙarshen salla, ko malamin da ke tsoron tsayawa gaban aji, shi ya san girmansa, kuma shi ne irin majiyyacin da ba zai koma asibiti ya faɗa ba. Don haka ina zargin cewa likita yakan ji labarin nasarorinsa fiye da na kurakuransa, sai wannan ya ƙara masa yarda da hanyar gidansu.

Ba zan yi adalci ba in na tsaya ga likitoci kaɗai. Mafi munin tsukewa da ruɓa da ake kaiwa asibitocinmu ba daga ɗakin fiɗa suke fitowa ba, daga hannun masu shafa abu mai ƙuna ne, da masu yin allura a ɗakin haya, da masu yanka ba ilimi. Tsoron wuƙar likita ne ke kai mutane can, tsoron kuwa rashin bayani ne ke ciyar da shi.

Komawa ga kalma

Wannan ya dawo da ni inda na fara. Sankarar dubura da ta babban hanji sau da yawa da jini take fara sallama, kamar dai basur. Likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa masu ita ba su zuwa sai ta ci ƙarfinsu, kuma da yawansu ba tsofaffi ba ne. In aka bi labarinsu, akan tarar sun yi wata da watanni suna shan jiƙon basur, domin sunan da harshensu ya ba su ke nan. Binciken da zai fara raba gardama kuwa bai wuce yatsan likita cikin safar hannu da ɗan bututun leƙawa ba, aikin minti biyar, in ya so a ƙara da na'urar duba hanji ga wanda ya manyanta, ko yake rama, ko bayan gidansa ya sauya. Kunya ke hana majiyyaci yarda, gaggawa ke hana likita nema. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Mun iya sakaya magana, har muna da bayan gida da kewaye da ban ɗaki da bahaya duk don gudun kalma ɗaya. Abin da ba mu da shi shi ne sunayen da za su raba cututtuka huɗu ko biyar da muka cusa a buhu guda. Ina roƙon sashenmu da tsangayar likitanci su zauna tare a kan wannan. A dawo da nasur ta riƙe ma'anarta ta yoyon mugunya. A kira tsagewar bakin dubura da sunanta, tun da ita ce ke sa zafi kamar yankan reza, kuma maganinta dabam ne. A ware zazzagowar hanji da kan sami yara. A bar wa basur matasan nan uku da matakansu huɗu. Sa'an nan a rubuta takardar yarda da aiki da Hausa, boko da ajami, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu, ta ƙunshi matakin ciwonsa, da sunan hanyar da za a bi, da wadda aka bari da dalilin barinta, da alamun da in ya gani a mako na biyu zai hau mota ya dawo.